Ƙarfen da Ya Ɓace a Jinin Bibata

Bibata na daka a tsakar gida, taɓarya ta suɓuce mata, ta zauna tana haki. Surukarta Inna Hajara ta kalle ta ta taɓe baki. Wannan ai ba sabon abu ba ne. Amaryar da ta zo Gaya daga Bengu jawur da ita ta koma fari fat, kuma jiya Inna ta kama ta a bayan rumbu tana gaigayar farar ƙasa.

Da ɗanta Halidu ya dawo daga maƙera, Inna ta yanke hukunci: ko lalaci ne ko mayu ne suka shanye ta, a maida ta gidansu kafin kasuwa ta ci.

Halidu na son matarsa kamar ransa, yana kuma jin nauyin uwarsa. Amma shi mutum ne da ko agogo ya samu sai ya buɗe cikinsa. Ya roƙi a fara zuwa disfansar, ƙaramin asibitin garin, inda ya ji ana duba jini.

"Jinin da babu shi ne za a ƙara ɗiba?" in ji Inna. Duk da haka ta yafa mayafi ta bi su, wai don ta ga ƙarya da idonta.

Anfirme Yacuba, ma'aikacin jinya, ya soki yatsar Bibata, ya ɗiga jinin a takarda, ya kara shi da wani kati mai launukan ja kala-kala. Nata ya tsaya can wajen masu dishi-dishi. Ya sa wani ɗigon a madubin likita, Halidu ya nemi leƙawa, ya ga ƙwayoyi ƙanana, koɗaɗɗu. Yacuba ya ce sinadarin ƙarfe ne ya yi mata ƙaranci a jini, shi ke kawo haki da kwaɗayin ƙasa, kuma ƙwayoyin magani da hanta da zogale za su gyara.

Halidu ya riƙe baki. "Kullum ina dukan ƙarfe, ashe matata shi ta rasa."

Inna ba ta yarda ba. Ta miƙa yatsa, ta ce a duba nata a ga jinin mutanen da. Aka ɗiga, aka kara. Ya tsaya daidai inda na Bibata ya tsaya. Tana zabura za ta yi musu, ƙullin bakin zaninta ya kwance, gutsuren farar ƙasa ya faɗo gaban kowa.

Bibata ta durƙusa ta rufe shi da tafin hannu. "Nawa ne, Inna."

Idon tsohuwa ya cika da hawaye. Ba a sake zancen Bengu ba. Kafin kaka su biyun suna daka tare, suna tuna wa juna shan magani.

Haƙuri ya riƙe wa Bibata aurenta. Laifi tudu ne: kafin ka hango na wani, miƙa yatsarka a duba.