Daga Gwiwa Zuwa Ƙasa

Burodi kawai na fita saye. 'Yata ce ta ce na shayin safe ya ƙare, ta miƙo min jaka ta ce, "Baba, don Allah kar ka tsaya wajen tsuntsayen nan." Na ce to. Amma da na zo bakin ƙofa sai na ɗauko kyamarata, wadda ta yi wata bakwai rataye a ƙusa.

Shekara ashirin da biyu sana'ata ɗaya ce, ɗaukar hoton tantabarun gari, hoto irin na baƙi da fari. Kuma ba a tsaye nake ɗauka ba. Rub da ciki nake yi a dandalin da ke gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa, in ajiye kyamara a kan siminti, in manna kunci, in ɗauke numfashi. Daga nan ƙasa tantabara kan zama wani ƙaton attajiri mai tumbi, dogayen gine-gine su koma 'yan rakiyarta. An ce min mahaukaci, an ce min mashayi. Wata tsohuwa ma ta taɓa tsayawa a kaina tana salati, ta zaci na mutu.

Matata ce ke kira min su. Takan tsaya a gefe da gwangwanin hatsi, ta watsa, su sauko. Sai ta ce, "Sarkin kwanciya, yau ma ba za ka ɗago ka ɗauke ni ba?" Ni kuma in ce, "Kar ki motsa mana, za su tashi. Ke ai kullum kina nan."

Da ta rasu na zazzage akwati goma sha ɗaya na hotuna. Tana cikin ɗaruruwa: ƙafarta a gefe, silifas ɗinta da na ɗaure da waya, bakin zanenta, wani lokaci hannu yana watsa hatsi. Fuskarta babu ko ɗaya. Hoton aurenmu kuwa ruwa ya cinye shi shekarar da rufinmu ya yi yoyo. Matar mai hoto ke nan. A kaina kaɗai fuskarta ta rage, kuma kullum sai na rufe ido na duba ko tana nan: wushirya, ɗan tabon goshi, da idanun nan masu dariya tun kafin baki ya fara.

Na iso dandalin rana ta faɗa bayan tasha. Masu tebur sun tattara sun tafi. Can nesa dattijuwar da ke share wurin tana ta aikinta, tsintsiya na shaa, shaa. A irin wannan lokaci tantabaru sun daɗe da shigewa ƙarƙashin rufi. Ran nan kuwa ga su a ƙasa, sun fi ɗari.

Na ce bari in ɗauki ɗaya tak. Na kwanta. Simintin da sauran ɗumin rana. Na sa ido a kyamara.

Babu wadda ke kuka a cikinsu. Sai ƙarar farce a kan siminti, ƙas, ƙas, ƙas.

Sai hatsi ya zubo.

Na ji zubarsa sarai, kamar farkon yayyafi a kan kwano. Tsuntsayen suka dare biyu, ƙafa ta shigo ta gefen hagu, daidai inda take tsayawa. Silifas. Wayar da na murɗa da hannuna. Bakin zane.

Wallahi ban ji tsoro ba a lokacin. Kuka ne ya zo min. Wata bakwai ina roƙon in gan ta ko a mafarki, ban samu ba.

"Sarkin kwanciya."

Raɗa ce, kuma ba muryarta ba ce. Kamar ana goga fukafukai da juna.

Sai warin ya iso. Matata ƙamshin sabulu take yi. Wannan warin ruwan wanke hoto ne, mai tsami, irin na ɗan ɗakin da nake aiki.

Na janye ido daga kyamara, na duba da idona. Silifas ɗin matata kore ne. Zanen da take zuwa da shi ja ne. Waɗannan toka-toka ne. Ƙafar ma toka-toka ce, da ɗigo-ɗigo irin na hoton da aka faɗaɗa fiye da kima.

Tsintsiyar ta yi shiru, ko kunnena ne ya daina ji.

"Yau ma ba za ka ɗago ba?"

Nan na gane. Wani abu ne da ke zaune a dandalin nan, ya yi shekaru yana jin hirarmu. Abin da na ɗauka a hoto kaɗai yake da shi, daga gwiwa zuwa ƙasa, sai hannu ɗaya.

"Sauran yana wajenka," in ji raɗar. "Ɗago kawai."

Na san ba ita ba ce. Ina so a rubuta wannan, na sani sarai. Amma tambayar tata ce, kuma sau dubu na ƙi amsa ta.

Na ɗago.

Gwiwa. Sama da gwiwa babu komai, fari fat, kamar takardar hoto kafin a tsoma ta a ruwa.

Sai farin ya fara duhu a wuri biyu.

Sanyi ya tsarga min ta tsakiyar kai. Na ji ana zare wani abu a hankali, kamar zare daga riga.

Idanu suka fito. Nata. Suna dariya.

Na kasa ƙiftawa. Ban ma so in ƙifta ba.

Tabon goshi ya fara bayyana.

Fat! Tsintsiya ta sauka a gadon bayana. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya, fukafukai suna marin fuskata. Na faɗi, haɓata ta daki siminti.

"Mai hoto! Tashi!" Dattijuwar ce, ta damƙi wuyan rigata tana haki.

"Inna, kin ga..."

"Kar ka gaya min," ta ce a hankali, idonta a ƙasa. "Shekara goma ina sharar nan, ban taɓa ɗaga kai bayan faɗuwar rana ba. Tafi gida. Kar ka waiwaya."

Ban san yadda na isa gida ba. Babu burodi, babu takalmi ɗaya. 'Yata ta goge min jinin haɓa. Na zauna a bakin gado na rufe ido na duba. Wushirya tana nan. Tabon goshi yana nan, ya ɗan dusashe. Inda idanu suke kuwa fari ne fat.

Washegari na kira 'yata bakin taga, wurin haske. Na daɗe ina kallonta, sannan na ce, "Idanunki irin na mamanki ne?"

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "A'a Baba. Kowa cewa yake naka na ɗauko."

Na ce ta tsaya a nan, ta kalle ni. Na ɗauke ta a tsaye har fim ɗin ya ƙare.

Ban sake ɗaukar tsuntsu ba. In an aike ni burodi, doguwar hanya nake bi ta bayan kasuwa. 'Yata ta zaci tsoron dandalin nake ji, ni kuma na bar ta a haka. Gaskiyar ita ce idanun matata suna can, kuma na san kaina. In na je, zan kwanta, kuma zan sake ɗagowa.