Ludayin Inna Mairama

Ranar kasuwar Karaye ce, a gindin darbejiyar da ke bakin tasha, Kamilu ya fara ganin Lauratu. Tana zaune a bayan wani ɗan tebur, farar riga a kan atamfarta, takunkumi ya rufe mata fuska sai idanu kawai. Asibitin da take aiki ne ya turo ta yin gwajin korona kyauta ga duk mai so. Mai son ne dai babu. An buɗe kasuwanni da makarantu, sahun sallah ya koma kafaɗa da kafaɗa, jama'a sun ce ciwo ya koma inda ya fito.

"Malama, ba a gaya muku an tashi daga wasan nan ba?" in ji wani mai rake, aka kwashe da dariya.

Lauratu ta ci gaba da jera kayanta. Ta saba.

Kamilu direba ne, yana jigila tsakanin Rogo da Karaye. Yana jiran lodi ya cika, ya ga idanun nan, ya ji ƙafafunsa sun kai shi kan bencin da kowa ke gudu.

"Sannu da aiki, Likita. A gwada ni."

"Ni ba likita ba ce. Kana tari ne?"

"A'a."

"Zazzaɓi?"

"Yanzu dai na fara jin alamarsa."

Ta harare shi, ta ce ya ɗaga kai. Tsinken na shiga hancinsa hawaye suka zubo masa shar, ya saki atishawar da ta tashi kajin mai kaji. 'Yan tasha suka yi ta ihu suna cewa mace ta sa Kamilu kuka. Ita kanta sai da kafaɗunta suka girgiza.

"Lafiyarka ƙalau," ta ce bayan ɗan lokaci.

"To sati mai zuwa zan dawo a sake dubawa."

Ya kuwa dawo. Ya sake dawowa. Babu wanda aka gwada a Karaye kamar shi. Kafin damina ta tsaya ya san ƙofar gidansu, ya gaida mahaifinta, aka ba shi izinin zance. Kullum da safe saƙonsa ne ke fara shigowa wayarta:

"Likitata, an tashi lafiya? Majinyacinki yana hanya. Allah ya tsare min ke."

Takan amsa: "Amin, Direbana. Ban da gudu, ban da waya a kan sitiyari."

Matsalar a Rogo take. Mahaifin Kamilu, Malam Ilu, manomin tumatir ne, kuma a shekarar kulle yana ji yana gani kwandunansa suka ruɓe a bakin gona saboda an rufe hanya. Tun daga nan duk mai farar riga da tsinke a wurinsa ɗaya suke da waɗanda suka rufe hanyar.

"'Yar masu tsokale hancin mutane?" ya ce da ɗansa. "Ta shigo min gida ta dinga kallonmu kamar masu ƙazanta? Ga Hamida nan 'yar maƙwabta, yarinya mai kunya, me ta rasa?"

Mutum ɗaya ce Malam Ilu ba ya tsallake maganarta: mahaifiyarsa, Inna Mairama, tsohuwa mai barkwanci wadda ta goyi Kamilu, take kuma fama da asma shekara da shekaru. Ita ce ta ce, "Ku daina yanke wa yarinya hukunci a bayan idonta. Ranar sunan ɗan Sadiƙa ta zo in gan ta. In ta yi min, magana ta ƙare."

Sadiƙa ƙanwar Kamilu ce. Ranar sunan nan ita ce kaɗai ƙofar da aka buɗe wa Lauratu.

A safiyar ranar Lauratu ta tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro da nauyin kai. Kayan gwaji suna cikin jakarta. Ta zuge jakar, ta tsaya tana kallonsu. Ta san in layi biyu ya fito, alamar ta kamu, babu zuwa Rogo, kuma in ta aika cewa ba za ta zo ba, Malam Ilu zai ce ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba ta raina uwarsa. Ta ce da kanta ruwan sanyin jiya ne. Ta zuge jakar ta rufe, ta ɗauki mayafi.

Ta sa takunkumi har Rogo. A ƙofar gida Kamilu ya tare ta, ya rage murya.

"Don Allah ki cire wannan. Baba yana zaure."

Ta cire, ta cusa a jaka.

Cikin gida cike yake da mata. Da aka miƙo mata jaririn, sai ta ja hannu baya ta ce tafinta duk gumi ne, ta yi masa addu'a daga nesa. Can cikin ranta ta san dalilin da ya sa ta ƙi karɓarsa. Amma da aka ce Inna na kira, ba ta da hanyar kaucewa. Wace yarinya ce za a ce tsohuwa na kira ta tsaya a bakin ƙofa?

Ɗakin ƙarami ne, tagarsa a rufe. Lauratu ta durƙusa daga nesa.

"Matso nan, 'yar ƙwace," in ji Inna. "Ke ce za ki raba ni da angona? Ɗago in ga abin da ya gani."

Ta kama haɓarta, ta juya fuskar hagu da dama, ta yi dariya har da ɗan tari. Sannan ta jawo ƙwaryar fura, ta kurɓa, ta miƙa mata ludayin.

"Sha. Wanda na yarda da shi kaɗai nake ba wa ludayina."

Lauratu ta kalli ludayin. Kalma ɗaya ta isa: Inna, ina mura. Ba ta faɗa ba. Ta sha, ta mayar, Inna ta sake sha. Haka suka yi ta yi har ƙwarya ta yi ƙasa.

Da yamma saƙon Kamilu ya zo: "Sanyin idona, kin ci jarrabawa! Inna ta ce ke ce. Baba ya yi shiru, kin san shirunsa rabin yarda ne."

Ta karanta, ba ta ji daɗin da ta zata za ta ji ba.

Bayan 'yan kwanaki Ummanta na soya albasa da daddawa a tsakar gida, Lauratu na tsaye a kanta, ba ta ji ƙamshin komai ba. Ta shiga ɗaki, ta buɗe jakar nan, ta yi wa kanta abin da take yi wa jama'a kullum. Layi biyu. Tana riƙe da abin a hannu wayarta ta yi ƙara.

"Likitata, ki yi wa Inna addu'a. Asmarta ta tashi, numfashi da ƙyar, ga zazzaɓi. Na ce mu tafi asibiti, Baba ya ce ciwon da muka saba ne, an turara mata magani."

Ta zauna a bakin gado tana ganin ludayin nan yana tafiya yana dawowa. Ita da take zama a rana tana roƙon mutane su yi gwaji don tsofaffinsu. Ita da aka yi wa dariya a tasha tana ganin ta fi su sani.

Ta kira shi, ta gaya masa komai, har da jakar da ta zuge ta rufe.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce. "In Baba ya ji, shi ke nan mun rabu. Zan lallaba shi."

"Tun yaushe kake lallaba shi?"

"Tun jiya."

"Ya yarda?"

"Tukuna dai."

"Muddin yana ganin asmar da ya saba ce ba zai motsa ba, Kamilu. Inna iskar oksijin take buƙata, yau ɗin nan. Kai masa wayar."

"Lauratu…"

"Don girman Allah kai masa."

Ba a saba ba, budurwa ta nemi magana da uban saurayinta. Ta daure ta gaishe shi.

"Baba, Lauratu ce. Ku gafarce ni. Ranar suna na zo da mura, ban gwada kaina ba don ina tsoron a hana ni zuwa. Na sha fura da Inna ludayi ɗaya. Yau na gwada, korona ce. Baba, ba asmar da kuka saba ba ce kaɗai. Ku kai ta asibiti yanzu, ku ce a gwada ta, a sa mata iska. Duk hukuncin da kuka yanke a kaina na karɓa."

"Kina sane kika shiga ɗakin uwata?"

"Ina zargi, Baba. Na ƙi dubawa."

Ya kashe wayar.

Ba a jima ba gajeren saƙo ya shigo daga Kamilu: "Mun tafi." Daga shi ba ta sake jin komai ba.

Ta killace kanta a ɗaki. Umma na ajiye mata abinci a bakin ƙofa, tana ɗaukewa kusan yadda ta kawo. Lauratu ta kira Sadiƙa ta tambayi jaririn, aka ce lafiyarsa lau, ta yi sujada tana kuka. Ta rubuta wa Kamilu saƙo ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Me za ta ce? Wata ƙawarta ta gaya mata an ga Hamida tana kai abinci asibiti. Ta ce a ranta Hamida ta fi ta cancanta, ko ba komai ba ta kai wa tsohuwa ciwo har ɗaki ba.

"Kin yi kuskure, ba zan ce miki ba ki yi ba," in ji Umma ta bayan ƙofa. "Amma yunwarki ba za ta ƙara mata numfashi ba. Ci abinci ki yi mata addu'a."

Wata safiya saƙo ya shigo, dogo:

"Likitata, an cire wa Inna iska, ta zauna da kanta har ta nemi goro. Ki yafe min shirun da na yi. Ba fushi nake da ke ba, kunyarki nake ji. Ni na ce ki cire takunkumi. Kuma da aka gwada mu a nan, ni ma an same ni da ita. Kullum ina cikin fasinjoji, ranar sunan ma da ɗan tari na shiga ɗakinta, tun da na samu ƙofar gidanku ban sake zama a bencinki ba. Allah kaɗai ya san wanda ya kai mata. Ke kin faɗi naki, ni na ce a ɓoye."

Ta karanta tana hawaye. Nauyin bai sauka ba, amma yanzu mutum biyu ne ke ɗauke da shi.

"Alhamdulillah, Direbana," ta rubuta. "Ko kai ne ko ni ce, ni na san abin da ke cikin jakata. Ba zan ƙara ba."

Da Inna ta koma gida, Malam Ilu ya ce maganar aure ta mutu. Tsohuwa ta sa aka kira shi.

"Ilu, da yarinyar nan ta yi shiru, da yanzu kana karɓar gaisuwata, kuma da ka aura wa ɗanka ita kana murna. Ta san abin da za ta rasa ta kira ka. Laifi ta yi, na ja mata kunne a waya har ta yi kuka. Amma wadda za ta faɗi laifinta don in rayu, ita nake so a kusa da ni in ciwo ya sake zuwa."

Ranar kasuwar Karaye ta zagayo, Lauratu ta koma gindin darbejiya, sai ga Malam Ilu ya tsaya a gaban teburinta. Ta zube ƙasa tana gaisuwa.

"Tashi," ya ce. "Ina ɗan jin mura, kuma ni nake kai wa Inna koko da safe. Yi abin naki."

Ta yi masa gwajin. Hawaye suka zubo wa Malam Ilu shar, ya saki atishawa.

"Ashe gado ne!" in ji mai rake. Har dattijon sai da ya murmusa.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Karaye, aka kai amarya Rogo. A safiyar ranar da za a kai ta gaida Inna, ango da amarya suka gwada kansu tukuna, shi yana hawayensa, ita tana yi masa dariya.

Tagar ɗakin Inna a buɗe take. Lauratu ta durƙusa, ta kasa ɗago kai.

"Inna, ki ƙara yafe min."

"Sau nawa za a yafe abu ɗaya, 'yar ƙwace? Matso."

Ta jawo ƙwaryar fura. Ludayi biyu ne a ciki, tsohon nata da wani sabo fil.

"Wannan naki ne, ni na sa aka sayo. A ɗakin nan zai zauna, kusa da nawa, babu mai taɓa shi sai ke."

Lauratu ta karɓa da hannu biyu. Inna ta ɗora tafinta a kanta, ɗayan a kan Kamilu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zuri'a mai faɗin gaskiya ko da za ta yi musu ciwo. Ya tsare ku, ya tsare na kusa da ku."

Ɗakin ya amsa da amin. Amarya ta tsoma ludayinta, ta sha.