Tsinke Shida na Farin Bijimi

Ranar Asabar da hantsi, a shekarar 1984, wayar ofishin 'yan sanda na Bahri, a ƙasar Sudan, ta yi ƙara. Sufeto Abdulganiyu ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye kofin shayinsa.

"Me aka ce an sata?" Ya nemi a maimaita masa har sau biyu.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki. Ya kama ɓarayin awaki, ya kama na raƙuma, amma bai taɓa jin an saci bijimi alhali bijimin yana can Najeriya yana cin ciyawarsa ba.

A cibiyar inganta kiwo da ke bayan masana'antu ya tarar da Dakta Badaru, likitan dabbobi da ya zo daga Najeriya kwana biyar da suka wuce. Gumi ya jiƙe masa riga. Yana ta fama da Larabcin littafi, sai Sufeto ya tausaya masa ya ce da Hausa, "Dakta, yi maganar gida, ina ji."

Dakta ya dube shi kamar ya ga ɗan uwarsa. Ya ja shi ɗakin gwaji, ya buɗe wani babban tulun ƙarfe. Farin hayaƙi mai sanyi ya malalo ƙasa.

"Ruwan naitirojin ne, ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba," in ji Dakta. "A cikinsa muke ajiye maniyyin bijimai, a 'yan bututu kamar tsinken tsintsiya. Tsinke ɗaya, ɗan maraƙi ɗaya, in Allah ya yarda. Na kawo shida na farin bijiminmu Bunaji, za mu gwada a kan shanun nan, su kuma su ba mu irin nasu. Shekara biyu muna bin takardu kafin a bar ni in shigo da su. Yau na zo duba ruwa, babu su."

"In sun fita daga ruwan fa?"

"Minti kaɗan, sun mutu. An ɗauke ƙaramin fulas ɗinmu ma. Ruwan cikinsa ba ya wuce kwana uku."

Sufeto ya leƙa tulun. Ma'ajiyai biyar ne a rataye ciki, kowace da lambarta kawai, babu suna.

"Sauran na mene ne?"

"Na shanun Turai masu madara. Su ne masu tsada."

"Kuma ba a taɓa su ba. Wa ya san cewa naka na cikin ta huɗu?"

Dakta ya yi tunani. Takardar bayanin tana jakarsa, bai riga ya miƙa ta ba. "Sai dai ranar da na iso," ya ce. "Ina jera su na ce, 'Ta huɗu, fararen gida, ku kwana lafiya.' Da Hausa na faɗa, wasa nake yi. Maigadi na tsaye da kayana, da Ni'mat mai kula da ɗakin nan. Ita ba ta jin Hausa."

Shugaban cibiyar ya riga ya yanke hukunci tun kafin 'yan sanda su zo: maigadi ne, tunda shi kaɗai ne Bafallace, sunan da mutanen nan ke kiran duk wanda kakansa ya fito daga yamma. Ya faɗi haka a gaban Sufeto ba tare da ya lura da wanda yake gaya wa ba. Abin ya sosa wa Sufeto rai, amma ya saba haɗiyewa.

Maigadin, Malam Jatau, dattijo ne siriri. Yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi da sauri fiye da kima.

"Wa ya shiga bayan an tashi aiki ranar Alhamis?"

"Ba kowa, janabu," ya ce, yadda ake girmama jami'i a nan.

"Jumma'a fa?"

"Ba kowa. Ni da ƙofa kawai."

"Ka iya buɗe tulun nan?"

Jatau ya nuna tafin hannunsa. "Ni? Abin da ke ƙona mutum da sanyi? Ko kusa ba na zuwa."

Babu tabo a yatsunsa. Sufeto ya yarda da rabin maganar. Wanda ya ciro tsinken ya san aikin, ya ɗauki hantsaki, ya mayar da murfi daidai. Amma Jatau bai ɗago ido ba ko sau ɗaya, kuma mutum ba ya yi wa ɗan sanda ƙarya a banza.

Ni'mat mace ce mai kimanin shekara talatin, da farin mayafi irin na ma'aikata. Da Larabci suka yi magana, Larabcin Omdurman tsantsa.

"Ina kika je ranar Alhamis?"

"Gida, ƙarfe biyu."

"Kin san abin da ke ma'ajiya ta huɗu?"

"Ban sani ba. Ba a ba ni takarda ba."

"Kina jin yaren Dakta?"

Ta yi ɗan murmushi. "Ina zan ji shi, janabu?"

Sufeto ya gyaɗa kai, ya rufe littafinsa. Ya juya ga Dakta Badaru, ya ce da Hausa, cikin muryar hira, "Dakta, ƙaramin fulas ɗin nan da ka ce yana yoyo ta gindi, zai kai la'asar kuwa?" Ya ɗan taka masa ƙafa.

Dakta ba wawa ba ne. "Da ƙyar," ya ce. "Kafin la'asar ya bushe ƙarƙaf."

Fuskar Ni'mat ba ta canza ba, amma idonta ya tafi ga agogon bango ya dawo. Ko rabin awa ba a yi ba ta je wurin shugaba ta ce kanta na ciwo.

Suka bi bas ɗin da ta shiga a motar ofis, Sufeto da Dakta da wani Kofur a sitiyari. Suka haye gada zuwa Omdurman, suka wuce kasuwa, suka shiga wata tsohuwar unguwa mai katangun laka. Sufeto ya san unguwar. Layi uku daga nan kakarsa ta rasu, tana ta ba shi labarin Haɗeja, garin da har yau bai gani ba sai a taswira.

Suna isa ƙofar gidan suka ji ihunta, kuma da Hausa ne.

"Baba! Me ka yi? Wayyo Allah, Baba, me ka yi!"

Suka yi sallama suka shiga. Jar saniya mai gajerun ƙahoni na ɗaure a gindin bishiya. Fulas ɗin yana gefe, a buɗe. Wani tsoho tukuf na zaune a kan gadon igiya, yana kallon 'yarsa da mamaki.

"Barira, me ya faru? Na ji wani sauti, na buɗe, sai na ga hayaƙi na fita. Na ce tsinkayen nan za su dahu. Na kwashe ruwan da ludayi na zubar a ƙasa, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na sa ƙarƙashin randa, inda ya fi sanyi a gidan nan. Ba haka muke yi wa nono ba?"

Dakta Badaru ya durƙusa gindin randar, ya warware tsumman. Tsinke biyar ne, sun yi ɗumi. Ya dafe kansa.

"Biyar," in ji Sufeto. "Ina na shida, Ni'mat? Ko Barira zan ce?"

Ta dubi saniyar. Hawaye suka zubo mata, ta daina ɓoye komai.

"Jiya da yamma na saka mata shi, tana neman bijimi. Na so in ƙara ɗaya yau don ya kama sosai, gobe in mayar da huɗu kafin a fara aiki. A ƙunshi ɗaya suke, ban samu lokacin rabawa ba. Baba Jatau ya gan ni, amma babu hannunsa, tare suka yi aikin auduga da mahaifina a Jazira."

"Don me?"

"Tambayi mahaifina, janabu. Tun ina goye nake jin labarin fararen shanu."

Tsohon, Malam Ishaku, bai jira a tambaye shi ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu suka baro ƙasar Hausa da mahaifinsa a ƙafa, za su Makka, suna kore da fararen shanu goma sha ɗaya. Hanya ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe, wadda shi ya raina da hannunsa, an sayar da ita a kan iyaka aka sayi hatsi. Mahaifin ya rasu a gonar auduga. Shi kuma ba Makka, ba gida.

"Shekara sittin da wani abu ban sake ganin fara mai baƙin kunne ba," ya ce. "Shanun nan nasu ba su da laifi, amma ba ƙaho, ba tsayi. Ni ba madara nake so ba. Ido kawai nake so in sa."

"A makaranta na ce ni Ni'mat ce, don kada a kira ni Bafallata," in ji 'yarsa. "Shekara takwas a cibiyar nan ban yi Hausa da kowa ba. Da Dakta ya ce 'fararen gida', sai na ji kamar da Baba yake. Likitan asibiti ya ce zuciyarsa ba za ta kai shi nesa ba. In na nema ta hanyar ofis, wa zai ba saniyar tsohon lebura?"

Malam Ishaku ya juya ga Dakta. Sai yanzu ya gane baƙon daga ina yake.

"Ɗana, daga can kake? Har yanzu suna nan? Farare?"

"Suna nan, Baba," in ji Dakta. "Garke-garke."

"Alhamdulillahi," in ji tsohon. Ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Kewar ƙasar da bai taɓa takawa ba ta kama Sufeto, har ya ji haushin kansa. Amma an kai ƙara, an buɗe fayil, kuma aikin ƙasashe biyu ya lalace a ƙarƙashin randa.

"Barira Ishaku, na kama ki da laifin ɗauke kayan cibiya. Mu tafi."

Ta gyara mayafinta, ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka ƙirga kwana ashirin da ɗaya. In ba ta sake kukan neman bijimi ba, ya kama. Daga nan wata tara. Kada ka ba ta ruɓaɓɓen dusa."

"To shi ɗan, fari zai fito?"

"Allah kaɗai ya sani, Baba. Rabinsa dai na gida ne."

Kofur ya tattara fulas da tsinken biyar. A bakin ƙofa ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

"Janabu, na shida yana cikin saniyar. Ita ma kayan shaida ce. In nemo mota a ɗauke ta?"

Sufeto ya dubi Dakta Badaru. Dakta ya kau da kai, ya shiga duba takalminsa. Can cikin gida tsohon ya riga ya ja gadonsa zuwa gindin bishiyar, ya ɗora tafinsa a kan cikin jar saniyar yana shafawa.

"Rubuta fulas ɗaya da tsinke biyar," in ji Sufeto. "Na shida yana da mai gadi."

Ya buɗe wa Barira ƙofar mota, suka nufi gada.