Gaisuwar Adawiyya a Rijiyar Tagris

"Ki bar jirgin nan, Adawiyya. Ki bar shi mu yi aure."

Jimrau ne ya faɗi haka a zauren gidanmu na Dakoro, ina daga ciki ina jin su. Ni ce yayarta, ni na goya ta bayan rasuwar Innarmu. Ban yi nisa a lakol ba. Ita ko ta yi karatu har ta shiga soja, ta zama mace ta farko a yankinmu da ta tuƙa jirgin sama.

"Kai za ka bar shanunka?" ta ce.

"Shanu ba su faɗowa da mutum."

"Haƙorin nan naka fa, jirgi ne ya karya shi?"

Ya yi dariya har da tari. Tun suna yara suke son juna. Matsalar ita ce babansa, Baffa Sa'adu, wanda ya ce ba ya son suruka mai wando da bindiga. Jimrau ya yi ta lallashi, ya tura dattawa, har tsohon ya sauko. Ya ce in damina ta faɗi a ɗaura aure.

Da na gaya mata ta waya, sai da na janye kunnena don ihu.

A tsakiyar rani aiki ya bi da ita ta arewa. Ta san daga bakin Jimrau cewa da hantsi garkensu yake sha a wata rijiya kusa da Tagris. Ba ta gaya wa kowa ba. So take ta gaida surukinta, ya ga abin da ɗiyarsa ta iya.

Adawiyya 'yar gari ce. Ba ta san yadda saniya take ba in ta kwana da ƙishirwa ta ga ruwa. Garken duk ya matse a bakin rijiya, Baffa yana tsakiya yana juye guga. Sai ga jirgi ya sauko ƙasa ƙasa, ya karkata fiffike.

Shanu suka watse, suka bi ta kansa.

Kafin a iso da Baffa wajen likita, ya cika.

Ita ba ta ga komai ba. Tana sauka ta kira Jimrau tana dariya.

"Masoyi, ka gan ni?"

"Na gan ki..."

"Baffa fa? Mi ya ce?"

Ya kashe waya.

Ni na raka ta gaisuwa. Ta sa zane da hijabi, ta durƙusa gaban mahaifiyar Jimrau tana kuka. Tsohuwar ta ce Allah ya riga ya rubuta, ta sa aka kawo mana ruwa, amma ko sau ɗaya ba ta dube ta ba.

Jimrau ya rako mu har bakin hanya.

"Na ajiye jirgin," ta ce. "Wallahi na ajiye shi. Ka ji, Jimrau?"

"Na san ba da gangan kika yi ba. Na yafe miki tun ranar."

"To..."

"Adawiyya, in na kawo ki gida, ke za ki dama wa Inna fura. Ta karɓa daga hannunki ta sha? Kullum?"

Ta juya, muka kama hanyar gida.

Manyanta sun hukunta ta, daga baya suka maida ta aiki. Ta roƙi a tura ta can gabas mai nisa. Shekaru ke nan ba ta taka Dakoro ba. Kayan ɗakin da na tara mata suna nan ƙarƙashin gadona, tasoshin har sun fara tsatsa.

Tana kirana wani lokaci. Ta tambayi yara, ta tambayi ƙafata mai ciwo, sannan ta ce:

"Yaya... ya yi aure?"

"Bai yi ba, ƙanwata."

"Ki ce masa ya yi."

Ran kasuwa nakan gan shi a wajen masu shanu, ya rame, furfura ta fito masa. Ya gaishe ni, in gaishe shi. Ban taɓa iya isar da saƙon ba.