Kaza Mafi Kyau a Kasuwa

A wani gari, can da, an yi wani mutum da ya so fara kiwon kaji don yaransa su riƙa cin ƙwai. Sai ya nufi kasuwa.

Tsohuwa mai kaji ta ce, "Ɗana, ɗauki figaggiyar nan, ita ke ƙwai."

Ya ce, "Haba Iya! Ni mai kyau nake so."

Ta ce, "To tsaya in nuna maka."

Ya ce, "Ni dai mai kyau nake so."

Ya zaɓi mai sheƙi, mai doguwar wutsiya, ya kai gida. Kullum yara su leƙa akurki, kullum wayam.

Ran nan da asuba, mai kyau ta miƙe wuya ta rangaɗa cara.

Matarsa ta ce, "Maigida, ƙwai dai babu, amma mun daina makara!"