Wanda Ya Toshe Kwalbatin Wendell

Sufeto Marlene Dubchak ta bar motarta a bakin titi, don babu ta inda za ta shiga. Ruwan safiya ya yashe hanyar tsakuwar da ke hawa gidan tsoho Wendell Pruitt, ya bar rami har gwiwa. A nan motar asibiti ta maƙale. Kafin ma'aikatan su sauko da matarsa Lorna, wadda ciwo ya taso wa, a hannu, zuciyarta ta tsaya.

Wendell na tsaye cikin laka.

"Ba ruwa ne ya kashe ta ba! Shekara da shekaru ina zuba tsakuwa ina baje ta da tarakta, hanyar nan ba ta taɓa cin amanata ba. Leƙa kwalbatin!"

Ta durƙusa ta leƙa. Buhun siminti biyu aka cusa a bakin bututun, sun daskare kamar dutse. Ta miƙe ranta a ɓace.

Ta fara da Curtis, mijin 'yar Wendell, magini.

"An ce kun yi cacar baki da surukinka kan hanyar nan."

"Cewa na yi ya zuba kwalta ya huta da ƙura da ramuka, ya ce tsakuwa ta fi arha. Shi ke nan fa! Ni zan kashe uwar matata?"

Ya buɗe mata shagonsa. Simintinsa na wani kamfani ne dabam.

A gangare, maƙwabcin Wendell, Dwayne Hasko, yana tsintar duwatsu cikin ciyawarsa. Kare mai ido ɗaya na kwance a baranda.

"Me ya sami idonsa?" in ji Sufeto.

"Tsakuwar wancan tsohon mai taurin kai! Duk ruwan da aka yi, kwalbatinsa sai ya amayo mini ita. Injin yankan ciyawa ya harbo ɗaya, ga sakamakon. Na yi magana har na gaji."

"Yaushe rabonka da wajen kwalbatin?"

"Tun bara ƙafata ba ta taka can ba. Ni ko siminti ba na ajiyewa."

"Wa ya yi maka zancen siminti?"

Sufeto ta zagaya bayan gareji, ta jawo baro. Garin siminti ya kama cikinsa, ga yagaggiyar takardar buhu irin ta kwalbatin.

Dwayne ya zauna daɓas a kan matakala.

"Hanyar kawai na so ruwa ya ci, ya ɗanɗana abin da nake sha. Ban san Lorna za ta..."

"Ai ya ɗanɗana," in ji ta. "Miƙo hannu."

Ta ɗaura masa ankwa, ta tasa shi gaba. A bakin mota ya waiwaya.

"Ranki ya daɗe, wa zai ba karena abinci?"

"Kai dai ka shiga. Wendell na can kan tudu yana neman wanda zai taya shi zaɓen akwatin gawa."

Ta rufe ƙofar da ƙarfi.