Jan Ɗigo a Bakin Na'ura

A garin Koyimbatur na ƙasar Indiya akwai wata yarinya mai rawar kai. In an ce ta kawo ruwa kofi ɗaya, sai ta kinkimo bokiti.

Mahaifinta, wanda take kira Appa, yana da wata 'yar na'ura a kan tebur. Na'urar tana narkar da zaren roba, ta fitar da shi ta wani ɗan tsinin baki, ta gina ƙananan abubuwa irin su murfi da maɓalli.

Ranar bikin kayan aiki ta zo. A ranar kowa yakan goge kayan sana'arsa, ya ɗiga musu ƙullun itacen sandal mai ƙamshi da jan gari, ya bar su su huta.

Appa ya ce, "Ɗiga wa keken ɗinki da almakashi. Na'ura kuma, a jikinta kawai."

Yarinya ta ɗiga a jiki. Sai ta ce a ranta, "Ai bakin nan shi ya fi shan wahala." Ta lakato ƙullu, ta dumbuza masa har ya ƙoshi.

Da yamma, hannun tabaran kakarta Pati ya karye. Ga shi washegari ƙanenta Kabilan zai fara karatu. Bisa al'adarsu, Pati ce za ta riƙe yatsansa, su rubuta harafin farko a cikin tiren shinkafa. Ba tabarau kuwa, Pati ko tafin hannunta ba ta gani sosai.

Appa ya ce, "Shaguna a rufe suke, na'ura kuma tana hutu yau. Gobe da safe zan buga sabon hannu."

Gari ya waye, Appa ya kunna na'ura. Ta yi zafi, ta hau kai da kawo, tana ƙas, ƙas, ƙas. Roba ko ɗigo! Sai wani ƙauri mai ƙamshi.

Appa ya shinshina. "Kai! Yaushe na'urata ta fara shafa turare?"

Pati ta yi tagumi. Ta ce, "Ni na riƙe yatsan ubanku, ni na riƙe na wannan ja'irar. Ashe na Kabilan ba rabona ba ne."

Tausayin Pati ya kama yarinya, kunya ta rufe ta. Ta ce a hankali, "Appa, ni ce. Na sa wa bakin ƙullu don in girmama shi."

Appa ya dafe kai. "Ramin nan bai kai kafar allura ba. Ƙullun ya bushe a ciki, zafi ya gasa shi. To, mai ɓarna, zo ki riƙe mini tocila. Kul ki taɓa bakin, ƙuna yake yi."

Ya goge tsinin da ɗan burushi. Ya zura siririyar allura ta ƙasa, ya fitar, ya sake zurawa. Suka gwada. Har yanzu ƙas, ƙas.

Hawaye suka cika idon yarinya. "Ya mutu ke nan?"

"Da sauransa," in ji Appa. Ya tura sabon zare da hannu har ya narke a ciki, sannan ya kashe zafin. "Zai daskare, ya rungumi dattin. Sai mu jawo su tare."

"In ja?"

"Tukuna, sarauniyar gaggawa."

Ta jira, ta zuba wa na'ura ido. Da bakin ya ɗan huce, Appa ya ce, "Yanzu!" Ta ja da ƙarfi. Ɗas! Zare ya fito, kansa duk baƙin datti da ja.

Appa ya mayar da zafi. Sai ga roba tana zubowa sumul kamar taliya. Yarinya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta zame ta zauna a ƙasa.

Kafin rana ta ɗaga, sabon hannu ya fito, kore shar. Appa ya ɗaura shi, Pati ta saka tabarau.

Ta ce, "Oho! Wa ya yi wa Kabilan wanka ya bar sabulu a kunne?"

Kowa ya kwashe da dariya. Pati ta ɗora yaron a cinyarta, ta kama yatsansa, harafi ya fito ɓaro-ɓaro a cikin shinkafa.

Yarinya ta raɓa kusa da Appa. Ta ce, "Niyya mai kyau kaɗai ba ta isa ba. Daga yau, abin da ban sani ba, sai na tambaya."

Appa ya shafa kanta. "Yawwa, ɗiyata. Matambayi ba ya ɓata."